Hoton da Ba Kyamara Ce Ta Ɗauka Ba: Lissafin da Ke Cikin Siti Sikan

Duk wanda ya taɓa buɗe littafi a kan lissafin hoton asibiti ya san mamakin da ake sha a shafukan farko. Kana tsammanin ganin ƙoƙon kai da haƙarƙari da huhu, sai ka tarar da layuka da da'irori da alamomin lissafi, shafi bayan shafi, ka yi ta juyawa ba ka ga ko ɗan yatsan mutum ba. Marubutan ba su ɓata hanya ba. Abin da likita ke nuna maka a fuskar kwamfuta bayan an fito da kai daga na'urar siti sikan, yana cewa "ga ƙarin nan," babu idon da ya taɓa ganinsa, na mutum ko na gilashi. Amsar lissafi ce aka shafa wa launin toka. Bakinmu ya saba da cewa "an ɗauki hoto," amma a gaskiya ƙirga shi aka yi. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa na'urar take ganin abin da take gani, da kuma dalilin da ya sa wani lokaci take nuna abin da babu shi.

A fara da eksire, don shi ne kaka. Ranar 8 ga Nuwamba 1895, Wilhelm Röntgen na jami'ar Würzburg a Jamus ya ci karo da wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da nama. Bayan 'yan makonni ya ɗauki hannun matarsa: ga ƙasusuwan yatsu, ga zobe, sauran naman ya zama hazo. A kan wannan aka ba shi lambar Nobel ta farko a fannin fiziks a 1901. Sai dai abin da ke fita a kan farantin eksire inuwa ce. Haske ya shiga ta gaba ya fita ta baya, duk abin da ya tare shi a hanya ya bar alamarsa a wuri guda. Haƙarƙarin gaba da zuciya da ƙashin baya duk sun hau kan juna, ba ka san wanda ke kusa da wanda ke nesa ba.

Nakan kwatanta shi da mai kallon wasan kwaikwayo a dandamali. Ya zauna a kujera ɗaya, daga nan zai kalli wasan har a tashi. Idan dogon ɗan wasa ya tsaya a gaban gajere, shi ke nan, gajeren ya ɓace masa. Masu mayar da wasan dandamali fim sun san wannan sarai, domin abu na farko da kyamara ke ba su shi ne damar tashi daga kujerar su zagaya, su leƙa bayan ɗan wasa, su matso kusa da fuskarsa. Amma a nan kwatancen ya tsaya. Kyamarar darakta tana iya shiga tsakiyar dandamali. Hasken eksire kuwa ko ina ka kai shi inuwa zai ba ka. Ka zagaya mutum ka ɗauki inuwa ɗari, kowacce a cakuɗe take kamar 'yar'uwarta.

Wurin da abin ya fi ciwo shi ne ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai yana shanye hasken, abin da ke ciki kuma kusan duk kaurinsa ɗaya, saboda haka farantin ba ya nuna komai sai ƙashi. Dabarar da likitoci suka daɗe suna yi, wadda Walter Dandy ya fara a Amurka wajajen 1919, ita ce a zuƙe wani ɓangare na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa a ɗura iska a madadinsa, a jujjuya majiyyaci don iskar ta shiga kogunan ƙwaƙwalwa, sannan a ɗauki eksire a ga ko wani abu ya ture su gefe. Ciwon kai da amai da ke biyo baya sukan ɗauki kwanaki. Haka aka yi ta yi har farkon shekarun 1970.

Daga ninkawa zuwa tarawa

To ga tambayar da komai ya rataya a kanta: daga inuwoyi kaɗai, za a iya gano abin da ke ciki? Kafin a amsa sai an san mece ce inuwa a wajen mai lissafi.

Ɗauki siririn zaren haske guda ɗaya, kamar allura. An san ƙarfinsa lokacin da ya bar ƙwan da ke fitar da shi, an kuma auna ƙarfinsa a ɗaya gefen. A tsakani, kowane yanki na jiki yana cin wani kaso na abin da ya iso masa. A irin ƙarfin da ake amfani da shi a siti sikan, tsoka mai kaurin santimita 3 zuwa 4 tana cinye rabi. Santimita 3 zuwa 4 na gaba su cinye rabin abin da ya saura, haka dai har a fita. Mutumin da kaurinsa ya kai santimita 30, abin da ke tsallake shi bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ƙashi ya fi haka ci, iska kuwa kusan ba ta taɓa komai. Wannan ci na kaso-kaso ninkawa ne, rabi sau rabi sau rabi, kuma ninkawa tana da wuyar warwarewa. Sai aka nemi taimakon logaridim, wanda aikinsa ke nan tun ƙarni na 17: mayar da ninkawa tarawa. Da an bi ta kansa, kowane awo sai ya zama jimla guda, wato jimlar kaurin duk abin da zaren ya ratsa a kan layinsa.

Saboda haka tambayar ta koma haka: akwai akwati a rufe cike da lambobi, ba a ba ka lambobin ba, jimlarsu kawai aka ba ka a kan layuka daban-daban. Za ka iya fito da su?

Gwada da ƙaramin akwati mai gida huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. An ce maka layin sama ya tashi 5, na ƙasa ma 5; layin hagu daga sama zuwa ƙasa 4, na dama 6. Awo huɗu, gida huɗu, kamar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Sa 2 da 3 a sama, 2 da 3 a ƙasa, komai ya dace. Sa 1 da 4 a sama, 3 da 2 a ƙasa, nan ma komai ya dace. Akwati biyu mabambanta, inuwa ɗaya. Idan ka ɗauka cewa 4 ɗin nan ƙari ne, to amsa ta farko ta ce mutumin lafiyarsa ƙalau, ta biyu ta ce a shirya tiyata. Abin da zai raba gardama shi ne a ƙara awo a karkace, daga gidan sama na hagu zuwa gidan ƙasa na dama. Idan ya tashi 3, amsa ta biyu ce kaɗai ta tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar take zagaya mutum maimakon ta tsaya ta gaba da ta gefe.

Jikin mutum ba gida huɗu ba ne, kuma kaurinsa yana sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Wanda ya warware tambayar a cikakkiyar sigarta shi ne Johann Radon, masanin lissafi ɗan Ostiriya, a wata maƙala da ya wallafa a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya nuna cewa idan ka san jimlar abu a kan kowane miƙaƙƙen layi da ya ratsa shi, ta kowace kusurwa, to amsa ɗaya ce tak, ya kuma rubuta ƙa'idar fito da ita. Babu majiyyaci a ransa, babu asibiti. Lissafi ne don lissafi. Ya rasu a Viyana a 1956 bai ga ko hoton sikan ɗaya ba.

A wannan shekarar ta 1956 ce, a can ƙarshen kudancin Afirka, aka nemi wani matashin malamin fiziks na jami'ar Cape Town, Allan Cormack, ya riƙa zuwa asibitin Groote Schuur kwana ɗaya da rabi a mako don kula da sinadarai masu fitar da tururi, saboda mai aikin ya ajiye. A nan ya ga yadda ake lissafa yawan hasken da za a gasa wa masu ciwon daji kamar jikin mutum duk kauri ɗaya ne, ba bambanci tsakanin huhu da ƙashi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya nemi wanda ya taɓa warware matsalar bai samu ba, sai ya zauna ya warware da kansa, ya gwada da wani gungume da aka haɗa da katako da alminiyam, ya wallafa sakamakon a 1963 da 1964, lokacin ya koma jami'ar Tufts a Amurka. Shiru kake ji. Daga baya shi da kansa ya ba da labari cewa cikin 'yan tsirarun da suka nemi kwafi har da cibiyar binciken zaftarewar dusar ƙanƙara ta Suwizalan, masu son sanin abin da ke cikin tulin ƙanƙara. Sai wajajen 1970 ya ji labarin aikin Radon. Masu binciken taurari ma sun bi wannan hanya su kaɗai. Ronald Bracewell ya yi amfani da irin wannan lissafi a 1956 don zana taswirar inda igiyoyin rediyo ke fitowa a jikin rana. Tambaya ɗaya, mutane daban-daban, kowa bai san da ɗan'uwansa ba, saboda likita ba ya karanta mujallar masu lissafi, mai lissafi kuma ba ya leƙa ta likitoci.

Wanda ya ƙera na'urar bai san Radon ba, bai san Cormack ba, ba shi ma da digirin digirgir. Godfrey Hounsfield injiniya ne da ya koyi aikin rada, na'urar gano jiragen sama daga nesa, a rundunar sojan saman Birtaniya, yana aiki da EMI, kamfanin da aka fi sani da buga faifan waƙoƙi. Na'urar gwajinsa ta farko kwana 9 take yi tana awo, kwamfuta kuma ta yi awa biyu da rabi tana lissafi kafin hoto ɗaya ya fito. Ya gwada da ƙwaƙwalwar mutum da aka adana a ɗakin bincike, ya gwada da ta shanu. Ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Wimbledon a Landan, shi da likita James Ambrose suka ɗora majiyyaciya ta farko, wata mata da ake zargin tana da ƙari a gaban ƙwaƙwalwa. Na'urar tana ɗaukar awo 160 a kowace kusurwa, ta gusa digiri ɗaya, ta sake, har sau 180: awo 28,800 ke nan don cike gidaje 6,400, wato 80 a tsaye 80 a kwance. Hoton ya fito kamar an jera shi da tubali, amma ga abin nan baƙi a zagaye, a daidai inda likitan tiyata ya tarar da shi da ya buɗe. A 1979 aka haɗa Cormack da Hounsfield aka ba su Nobel ta fannin likitanci, alhali babu likita a cikinsu.

Yadda kwamfuta ke ƙirgawa

Hanyar da na'urar farko ta bi tana da daɗin fahimta, domin yaro ma zai iya yinta da fensir. A koma akwatinmu. Fara da cewa ba ka san komai ba. Layin sama 5 ne, raba daidai, 2.5 da 2.5, na ƙasa ma haka. Duba layin hagu: ya tashi 5 maimakon 4, rage rabi daga kowane gida, na dama ƙara rabi. Yanzu kana da 2 da 3 a sama, 2 da 3 a ƙasa. Duba na karkace: 5 maimakon 3, rage 1 daga kowanne cikin gidajen biyu. Wannan gyara ya ɓata layukan farko, sun koma 4 da 4, to sake komawa kansu ka ƙara. Zagaye na biyu zai ba ka 1.5 da 3.5 a sama, na uku 1.25 da 3.75. Kowane zagaye kuskuren yana raguwa da rabi, kana matsowa kusa da 1 da 4 ba tare da ka taɓa warware lissafin gaba ɗaya ba. Gyara, ɓata, gyara. Wani masani ɗan Folan, Stefan Kaczmarz, ya rubuta wannan dabara tun 1937, shi ma babu ruwansa da asibiti.

Matsalarta jinkiri. Hoton yau yakan zama gida 512 a tsaye 512 a kwance, gidaje 262,144 a yanka ɗaya, kuma sikan ɗaya yana iya ɗaukar yanka ɗaruruwa. Shi ya sa tun tsakiyar shekarun 1970 aka koma wata hanya mai sauri da ta fi kusa da ƙa'idar Radon.

Ka ɗauka ƙusa ɗaya ce a tsaye a tsakiyar kwano mai ruwa. Ta kowace kusurwa inuwarta siririn layi ne. Ɗauki kowace inuwa ka shafa ta baya a kan farar takarda, ta hanyar da hasken ya biyo, tun daga wannan baki har wancan. Layukan duka za su haɗu a inda ƙusar take, wurin ya yi duhu sosai. Madalla, an gano wurin. Amma kewayen ma ya ɓaci, ƙusar ta zama tauraro mai tsinkaye, da an ƙara kusurwoyi kuma tsinkayen su narke su zama hazo. Yi wa kowane ɗigo na jikin mutum haka, sai ka sami hoto dishi-dishi kamar ana kallo ta gilashin da ya yi gumi. Abin sha'awar shi ne hazon nan ba na ganganci ba ne, yana da tsari sananne, abin da ke da tsari kuwa ana iya cire shi. Kafin a shafa inuwar baya, sai a tace ta: a gefen kowane wuri mai duhu a sa ɗan ragi, lamba ƙasa da sifiri, ta yadda idan layukan suka hau kan juna ragin zai cinye hazon, ƙusar ta tsaya ita kaɗai. Rariyar da ake tacewar da ita ta fito ne daga aikin Joseph Fourier na Faransa, wanda a littafinsa na 1822 a kan yadda zafi ke yaɗuwa ya nuna cewa kowace siffa ana iya rarraba ta zuwa igiyoyi masu hawa da sauka, wasu manya a hankali, wasu ƙanana da sauri. Manyan su ne faɗin siffa, ƙananan su ne gefuna da ƙananan bayanai. Shafawa baya tana ƙara wa manyan nauyi fiye da kima, rariyar kuma tana danne su ta ɗaga ƙananan. G. N. Ramachandran da A. V. Lakshminarayanan na Indiya sun fitar da sigar wannan tacewa a 1971, kuma shekara da shekaru ita ce ƙashin bayan kusan kowace na'ura.

A nan fa gizo ke saƙa. Ƙananan igiyoyin nan da ake ɗagawa, a cikinsu kuskuren awo yake zama. Hasken eksire ƙwayoyi ne da ake ƙirgawa, kuma adadin da ke isa ma'auni yana ɗan hawa da sauka ko da ba abin da ya sauya, kamar ɗigon ruwan sama a kan faranti. Rariyar ba ta san bambancin gefen ƙashi da wannan yayyafi ba, duka take ɗagawa. Masu lissafi suna da suna ga irin waɗannan matsaloli tun zamanin Jacques Hadamard a farkon ƙarni na 20: matsalolin da ƙaramin kuskure a awo ke zama babban kuskure a amsa. Radon ya yi alkawarin amsa ɗaya tak, amma da sharaɗin layuka marasa iyaka da awo marar aibi. Babu na'urar da ta taɓa cika wannan sharaɗi.

Saboda haka dole a yi zaɓi. Rariya mai kaifi tana fito da tsagewar ƙashi siririya kamar gashi, amma tsoka ta cika da yayyafi. Rariya mai laushi tana sa hanta ta fito sumul, tsagewar kuma ta ɓace. Daga awo ɗaya, mutum ɗaya, numfashi ɗaya, ma'aikacin sikan yakan fitar da hotuna iri biyu ko uku, kuma babu wanda za a ce shi ne na gaskiya sauran jabu. Mai son rage yayyafin ba tare da ya rasa kaifi ba sai ya ƙara haske, kuma cinikin ba shi da daɗi: don a rage yayyafi da rabi sai an ninka hasken sau huɗu. Hoton ƙirji na eksire yana ba mutum kusan milisibat 0.1 (milisibat ma'aunin irin wannan hasken ne da jiki ya sha), siti sikan na ƙirji na yau da kullum yana kaiwa wajajen 6 zuwa 7, abin da ɗan'adam ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara, a matsakaicin duniya, kusan 2.4 ne. Ba abin firgita ba ne ga wanda yake buƙatar sikan, amma ya isa ya sa likita mai hankali ya yi tunani sau biyu kafin ya maimaita wa ƙaramin yaro. Kyan hoto a nan da jikin majiyyaci ake biyansa.

Akwai zaɓi na biyu bayan wannan, kuma shi ya fi kama da aikin darakta. Kowane gida a hoton lamba ce a kan sikelin da aka sa wa sunan Hounsfield: ruwa 0, iska 1,000 ƙasa da sifiri, kitse kusan 100 ƙasa da sifiri, ƙwaƙwalwa tsakanin 20 da 45, jinin da ya zuba ya daskare sama da haka kaɗan, ƙashi mai tauri 1,000 ko fiye. Matakai fiye da 2,000 ke nan, idon mutum kuwa 'yan gomomin launin toka kawai yake iya bambancewa. Idan aka baza duka a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa da jini za su zama launi guda. Sai likita ya buɗe abin da suke kira taga. Don duba ƙwaƙwalwa yakan ce daga 0 zuwa 80 kawai nake so; duk abin da ya gaza haka baƙi, duk abin da ya wuce fari. Nan take jinin da ya zuba ya fito fari-fari a kan toka, kuma wannan bambanci na 'yan lambobi shi ke raba mai shanyewar ɓarin jiki da za a ba maganin narkar da gudan jini da wanda maganin zai iya kashewa. Sauya tagar zuwa ta huhu, ƙananan jijiyoyi su bayyana a inda ɗazu baƙi ne wuluk. Abin da aka bari a wajen taga yana nan cikin lambobin, ba a dai nuna shi ba.

Lissafin kuma yana da abubuwan da ya ɗauka a matsayin gaskiya, idan suka karye yakan zana ƙarya da cikakkiyar natsuwa. Ya ɗauka mutum bai motsa ba, shi ya sa ake cewa ka riƙe numfashi. In ka motsa, inuwoyin za su saɓa wa juna, gefuna su ninku. Ya ɗauka hasken ƙarfinsa ɗaya, alhali gauraye ne, raunanan ƙwayoyi suna fara mutuwa, masu ƙarfin su wuce, sai a ga duhu-duhu tsakanin ƙasusuwa masu kauri a gindin ƙoƙon kai. Ƙarfen haƙori ko na ƙugu kuwa yakan toshe hasken kusan gaba ɗaya, kwamfutar ta rasa abin cewa, ta watsa tsinkaye fari da baƙi a faɗin hoton. Kaso mai yawa na horon likitan hoto shi ne koyon gane waɗannan tabo na lissafi don kada ya kira su cuta.

MRI, wata na'urar hoton cikin jiki, ba ta amfani da eksire ko kaɗan, amma gida ɗaya suka fito. Ana sa mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi, yawanci tesla 1.5 ko 3 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, a bugi ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jikinsa da igiyar rediyo, su amsa da tasu igiyar. A tesla 1.5 amsar tana kaɗawa kusan sau miliyan 64 a daƙiƙa. Dabarar Paul Lauterbur, wadda mujallar Nature ta fara ƙi kafin ta buga a 1973, ita ce a sa ƙarfin maganaɗisun ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, ta yadda kowane wuri zai amsa da tasa murya, hagu ƙasa-ƙasa, dama sama-sama. Na'urar tana jin su duka a haɗe, lissafin Fourier ya rarrabe su ya mayar da kowace murya mazauninta. Hotonsa na farko ƙananan bututu biyu ne masu ruwa. Shi da Peter Mansfield na Nottingham suka raba Nobel a 2003. Ƙarar bugu da ke damun mutum a cikin na'urar, ƙarar kunnawa da kashe waɗannan bambance-bambance na maganaɗisu ce.

Ciwon MRI lokaci ne, kamar yadda ciwon siti sikan yake yawan haske, kuma maganin da ake nema ɗaya ne: a auna kaɗan a sami hoto cikakke. Akwatinmu ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan awo bai isa ba, amsoshi su yi yawa. Dole a sami abin da zai zaɓi ɗaya. Tsakanin 2004 da 2006 Emmanuel Candès da Justin Romberg da Terence Tao, da David Donoho a nasa ɓangaren, suka tabbatar da cewa idan abin da ake nema mai sauƙin tsari ne, kamar yadda hoton jiki yake da faffaɗan wurare sumul da gefuna kaɗan, kuma aka warwatsa awon yadda ya kamata, to zaɓen amsa mafi sauƙin tsari yakan fito da ta gaskiya. Michael Lustig da abokan aikinsa a Stanford suka kai dabarar cikin MRI a 2007. Amfaninta a fili yake ga jaririn da ba zai kwanta shiru ba, ko mai ciwon zuciya da ba zai iya riƙe numfashi ba. Tsohuwar hanyar gyara-ɓata-gyara ma ta dawo cikin siti sikan da kwamfutoci suka yi ƙarfi, ta taimaka wajen rage haske.

Yanzu kuma an shigo da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake nuna wa dubban hotuna har ta koyi yadda jikin mutum ya saba kasancewa, sannan ta cike gurbin da awo ya bari. Hotunan suna fita tsaf, masu daɗin kallo. A nan ni nake ɗan ja da baya. Tsohon yayyafi mummuna ne, amma yana faɗa wa likita gaskiya cewa awon bai isa ba, ya yi hattara. Hoto sumul ba ya faɗar haka. Na'urar da ta koyi abin da aka saba gani tana da dalilin goge abin da ba a saba gani ba, cuta kuwa sau da yawa ita ce abin da ba a saba gani ba, ɗan tabo mai milimita 3 a inda bai kamata ba. Masu bincike sun san da wannan haɗari, shi ya sa ake gwada irin waɗannan manhajoji da ƙananan abubuwa da aka ɓoye da gangan a ga ko za su tsira.

Gwajin kansa yana da wuya, domin a jikin mai rai ba wanda ya san amsar kafin a yi lissafin. A 1974 Larry Shepp da Benjamin Logan na ɗakunan binciken Bell suka zana kan mutum na ƙarya da siffofin ƙwai guda 10: babba mai haske a matsayin ƙoƙon kai, wani babba a cikinsa a matsayin ƙwaƙwalwa, biyu masu duhu a tsakiya, sauran ƙanana a warwatse, kaurinsu ya ɗara na kewayensu da ɗan kaɗan. Tunda su suka zana shi, sun san lambar kowane ɗigo, suna iya ƙirga inuwarsa ta kowace kusurwa, su miƙa wa sabuwar dabara su ga abin da za ta dawo da shi. Har yau ɗalibin da ya rubuta manhajarsa ta farko da wannan kai yake farawa, kuma wurin da malaminsa zai fara kai ido shi ne can ƙasa, inda ƙananan ƙwai uku suke jere kusa da juna, ya ga ko sun fito uku ko sun narke sun zama ɗaya.